Waken Suya da Zafin Ɗaukewar Al'ada: Daga Samaru da Tsohuwar Abuja Zuwa Japan



Kwanakin baya wani saƙo ya yi ta zagaya wayoyin matanmu a nan Abuja, daga Kubwa zuwa Nyanya, har ya iso hannunmu ta wajen mutum uku daban-daban. Saƙon cewa yake yi matan ƙasar Japan ba su san wahalar ɗaukewar al'ada ba, ba su san zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji ya mamaye wuya da fuska ba, kuma wai sirrin duka waken suya ne. A ƙarshensa akwai lambar wayar mai sayar da wasu ƙwayoyi a kwalba, kuɗinsu kuwa ba na wasa ba. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata, wadda ta shekara biyu tana farkawa tsakar dare zaninta sharkaf da gumi, ta tare mu da tambaya: "Ku da kuka yi boko, in saya ne, ko awarar bakin layi ta wadatar, ko kuwa duk zancen banza ne?"

Amsar ta fi ƙarfin e ko a'a. Shi ya sa muka ga gara mu bi maganar tun daga tushe, domin labarai biyu ne suka haɗu a cikin saƙon nan. Akwai labarin yadda waken ya shigo tukunyarmu, akwai kuma labarin yadda likitocin ƙasashen waje suka fara kyautata masa zato.

Waken suya baƙo ne a ƙasar nan, kuma ba tsohon baƙo ba. Kakanninmu sun san wake fari da ja, sun san gujiya da gyaɗa da kalwa, amma wannan ba su san shi ba. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda aka shafe dubban shekaru ana nomansa, daga can ya bazu Koriya da Japan. Sunan "soya" ya samo asali ne daga sunan wani baƙin ruwan ɗanɗano da Japanawa ke haɗawa da waken, wanda fataken Holan suka kai Turai. Da kalmar ta iso kunnen Bahaushe sai ta ci karo da tamu ta soya abu a kasko, wasu suka ce waken soya, wasu suka ce waken suya. Dace ne kawai, amma ga shi ƙarshenta a kaskon ya fi shahara a wajenmu.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi, kuma ba don mu ci ba. A wajejen 1908 injinan matse mai na Ingila suka fara karɓar waken suya jirgi-jirgi daga Manchuriya, arewa maso gabashin Sin, suka ga yana da mai kusan kashi 20 cikin 100, dusarsa kuma abincin dabbobi ce mai kyau. Sai suka ce me zai hana a noma shi a ƙasashen da ke hannunsu. A shekarar 1908 ɗin aka gwada shi a gonar gwamnati ta Moor Plantation da ke Ibadan, bai yi ba. Sai a 1928, da aka sake gwadawa a Samaru ta Zariya, ya nuna alamar zai zauna. A 1937 aka shigo da wani iri daga ƙasar Malaya, shi ne ya karɓi ƙasarmu, kuma shi manoma suka riƙe shekaru da dama. A Kano da Katsina bai samu gindin zama ba, domin tun isowar jirgin ƙasa gyaɗa ta riga ta mamaye gonaki da zukata. Inda ya samu shiga shi ne ƙasar Tibi a lardin Binuwai, musamman kewayen Gboko, kuma daga can aka fara fitar da shi ƙasashen waje a 1947.

Ga wani abu da zai ba mazauna birnin nan sha'awa. Idan tsofaffin bayanan aikin gona suna lissafa wuraren da ake noman waken, bayan ƙasar Tibi sukan ambaci Zonkwa a kudancin Zariya, sannan su ambaci Abuja. Ba Abujar Maitama da Asokoro suke nufi ba, lokacin ba a yi mafarkinta ba. Tsohuwar Abuja suke nufi, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau, wanda ya bar wa sabon babban birni sunansa bayan dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ke nan manoman ƙasar nan da muke zaune a gefenta, Gwarawa da Hausawa, suna cikin na farkon da suka san waken suya a Najeriya.

Sun san shi a gona, amma ba su san shi a baki ba. Duk wadda ta taɓa ɗora shi a wuta kamar yadda ake dafa wake da shinkafa ta san dalili: sai itace ya ƙare bai yi laushi ba, ga wani ƙarni da ke tashi idan an jiƙa shi ko an niƙa shi ɗanye. Ɗanyensa kuma yana ɗauke da sinadaran da ke hana ciki narkar da furotin, sai wuta ta kashe su. Mutanen Sin sun ɗauki ƙarnoni kafin su gano dabarun shawo kansa, mu kuwa iri kawai aka kawo mana ba tare da dabarar ba. Saboda haka manomi ya noma, ya casa, ya zuba a buhu, ya kai wa wakilin hukumar sayen amfanin gona, ya karɓi kuɗin haraji da na sutura. Da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin dogon da ya bi ta Makurɗi zuwa Fatakwal, sannan kuɗin man fetur ya zo ya shagaltar da gwamnati daga noma, cinikin waje ya durƙushe.

Mata ne suka cece shi, kuma ta ƙofar daddawa. Ɗorawa itace ce mai jinkirin girma, kalwa kuma kullum tsada take ƙarawa, ga wahalar dafa ta da cire mata ɓawo. Matan kudancin Kaduna, musamman kewayen Kafanchan, suka gano cewa idan aka soya waken suya sama-sama, aka ɓarza, aka dafa, aka rufe shi ya kwana biyu ko uku, yana ba da daddawar da ke ɗaukar miya. Daga nan fatake suka riƙa kai ta kasuwannin Arewa har da ƙetaren iyaka. Da yawa daga cikinmu mun sha miyar kuka da daddawar waken suya tun muna yara ba tare da mun sani ba.  Abin da ya burge mu shi ne, hanyar da suka bi ta yi kama da wadda Japanawa ke bi su yi wani abincinsu mai yauƙi da ake kira natto, har ƙwayar halittar da ke ruɓar da waken iri ɗaya ce.

Ita kuwa awara sai daga baya. Waɗanda suka yi wayo a 1986 ba za su manta da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ba, lokacin da Naira ta faɗi, madarar gwangwani da nama da ƙwai suka fi ƙarfin talaka, asibitoci suka cika da yara masu tamowa. Waken suya kuwa yana da furotin kusan kashi 40 cikin 100, ya fi kowane wake da muke da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta riga ta fitar da sababbin iri masu lambar TGx, waɗanda ba sa buƙatar a shafa musu wani maganin tsiro na musamman kafin su yi saiwar da ke tara taki. A 1987 cibiyar, da tallafin hukumar IDRC ta Kanada, ta fara wani shiri na koya wa mata sarrafa waken a gida, wanda Dakta Sidi Osho ta yi fice a cikinsa. A 1989 hukumar JICA ta Japan ta turo wani masanin abincin waken suya, Dakta Osamu Nakayama, wanda ya yi aiki a kan yadda za a daskarar da madarar waken da abin da ake samu a nan gida.

Akwai abin koyi a kusa. Matan Fulani a ƙasar Yarbawa sun daɗe suna daskarar da madarar shanu da ruwan ganyen tumfafiya, su yi abin da ake kira wara. Daga nan sunan awara ya fito. Da sana'ar ta hauro Arewa, matanmu suka mayar da ita tasu: wata ta daskarar da ruwan tsamin kamu, wata da tsamiya, wata da lemon tsami, aka zuba attaruhu da albasa, aka matse a ƙyalle da dutse a kai, aka yanka, aka soya, aka barbaɗa yaji. Wasu wuraren ma ƙwai-da-ƙwai suke ce mata. Yau ba unguwar da za ka shiga a Gwagwa ko Dei-Dei ko Mararaba da yamma ba ka ga yarinya da bokitin roba mai haske cike da awara ba. Allah kaɗai ya san yawan marayun da aka yi wa kuɗin makaranta da kaskon nan. Amma mu lura da lissafin: awara a matsayin abincin yau da kullum ba ta wuce shekara arba'in a wajenmu ba. Matan da ke fama da zafin ɗaukewar al'ada a yau, masu shekara hamsin, sun girme ta.

To, me ya haɗa wannan wake da zafin da ke damun iyayenmu? Kafin mu tsallaka teku neman amsa, bari mu faɗi abin da zafin yake. Yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma likitoci kan tabbatar da hakan ne idan an yi wata goma sha biyu a jere ba a ga jini ba. A wannan tsakani mahaifar ƙwai na rage fitar da sinadarin istirojin. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke daidaita ɗumin jiki, kamar na'urar da ke kunna firji tana kashewa. Idan istirojin ya ja baya sai sashen nan ya zama mai saurin firgita: ɗumi kaɗan ya ƙaru, sai ya ɗauka jiki ya kama wuta, ya buɗe jijiyoyin fata, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Minti ɗaya zuwa biyar abin ya lafa, wani lokaci sanyi ya biyo baya. Wata sau ɗaya a mako, wata sau goma a yini, da dare kuma ya hana barci.

Turawa sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin cutar da ke buƙatar magani. Tun 1942 aka amince da wani maganin istirojin mai suna Premarin a Amurka, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma bayan littafin wani likita Robert Wilson na 1966 miliyoyin mata suka rungume shi. Ana cikin haka, a farkon shekarun 1980, wata masaniyar al'adun ɗan Adam ta Jami'ar McGill da ke Kanada, Margaret Lock, ta je Japan ta yi wa mata fiye da dubu masu matsakaicin shekaru tambayoyi. Abin da ta samu ya ba duniya mamaki: kusan mace ɗaya cikin goma ce ta ce zafin ya taso mata a 'yan makonnin da suka gabata, alhali a Kanada da Amurka kusan ɗaya cikin uku ce. Matan Japan sun fi kokawa da sanƙarar kafaɗa da ciwon kai. A 1992 wani likitan ƙasar Finlan, Herman Adlercreutz, da abokan aikinsa suka rubuta gajeriyar wasiƙa a mujallar Lancet, suka ce sun auna fitsarin matan Japan sun tarar da wasu sinadaran waken suya masu yawa ƙwarai, suka yi hasashen ko su ne dalili.

Hasashen yana da madogara. Tun shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa bayan sun yi kiwo a wata ciyawa dangin wake, bincike ya gano ciyawar na ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon istirojin. Danginsu ne ke cikin waken suya, ana kiransu isofilabon. Siffarsu ta yi kama da ta istirojin har suna iya zama a mazauninsa a cikin jiki, sai dai ƙarfinsu bai kai nasa ba ko kusa. Kada maganar tumakin ta tsorata kowa: tunkiya yini take tana cin ciyawar, cikinta kuma daban yake sarrafa ta, mutanen Sin da Japan da suka ci waken ƙarni bayan ƙarni ba su rasa haihuwa ba.

Abin da ya mayar da hasashe kasuwa shi ne watan Yulin 2002. A watan ne aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna WHI, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, saboda an ga masu shan haɗin istirojin da wani sinadarin sun ɗan fi samun kansar mama da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka watsar da maganin, masu sayar da ƙwayoyin isofilabon suka ce abin nema ya samu. Saƙon da ke yawo a wayoyinmu jikan wannan lokaci ne, ya yi shekara ashirin a hanya kafin ya iso Kubwa.

Akwai wani ɓangare na aikin Margaret Lock da masu tallan ba sa ambata, kuma shi ya fi tsaya mana a rai. Ita da kanta ta nuna cewa harshen Japananci ba shi da kalma guda tsayayya da ke nufin wannan zafin kaɗai, kuma tarbiyyar matan da ta tambaya, waɗanda suka taso cikin wahalar yaƙi, ba ta yarda mace ta riƙa kokawa da jikinta ba. Da wata mai bincike, Melissa Melby, ta sake tambayar matan Japan kimanin shekara ashirin bayan haka, adadin masu cewa suna jin zafin ya kusa ninkawa. Yanzu mu ɗauka baturiya ta zo da takarda gidajenmu a Zariya ko Suleja a 1983, ta tambayi iyayenmu ko suna jin wani abu tun da al'ada ta ɗauke. Mun san amsar: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Mu ma ba mu da kalma guda ta wannan zafi. Littattafan fiƙihu da aka karanta a zaure sun yi bayanin macen da ta yanke tsammanin haila saboda hukuncin idda, al'ada kuma ta ba ta girma: ta zama uwar gida ko unguwarzoma, ta fita kasuwa da biki ba mai tuhuma, ta yi azumi da salla ba yankewa. Amma gumin dare, kunya ta binne shi. Da an yi wancan binciken a wajenmu, da yanzu ana sayar wa Turawa garin dawa a kwalba.

Wannan ba ya nufin waken ba ya komai. An gwada shi sau da dama, kuma ga abin da aka samu. A 2012 wasu masana ƙarƙashin Kyoko Taku suka tattara gwaje-gwaje goma sha bakwai, suka ga ƙwayoyin isofilabon, kimanin miligiram 54 a yini, sun rage yawan tasowar zafin da kusan kashi 20 cikin 100 fiye da ƙwayar bogi, tsananinsa kuma da kusan kashi 26, kuma gwajin da ya wuce mako goma sha biyu ya fi nuna amfani. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aka sani da tsaurin tantancewa, ta duba gwaji 43 ta ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. A 2016 wani nazari a mujallar JAMA ya samu ragin da bai wuce tasowa ɗaya da ɗan wani abu a yini ba, gumin dare kuwa bai ragu ba. Idan aka kwatanta, maganin istirojin na asibiti kan rage zafin da kusan kashi 75. Wani abin lura kuma, a irin waɗannan gwaje-gwaje ko matan da aka ba ƙwayar bogi sukan samu sauƙi mai yawa, wani lokaci har rabi. Shi ya sa shaidar maƙwabciya cewa ta sha ta ji daɗi ba ta isa hujja, ko da gaskiya take faɗa.

Gwajin da masu talla suka fi so shi ne na likita Neal Barnard a Amurka, wanda aka fara wallafawa a 2021. An sa mata su bar nama da madara da ƙwai, su rage mai sosai, su ci rabin kofi na dafaffen waken suya kullum har mako goma sha biyu. A cikakken sakamakon, na mata 84, zafi mai tsanani da matsakaici ya ragu da kashi 88, na waɗanda ba su canza abinci ba kuma ya ragu da kashi 34. Sakamako ne mai kyau, amma matan kaɗan ne, kowace ta san rukunin da take, sun kuma rage ƙiba, ga shi an canza abubuwa uku a lokaci ɗaya, ba a iya ware rabon waken. A 2023 ƙungiyar likitocin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta fitar da matsayarta kan hanyoyin da ba na istirojin ba, kuma ba ta saka waken suya ko ƙwayoyinsa cikin waɗanda ta ba da shawara a kansu ba.

Ɗaya daga cikin dalilan da ake ganin sun sa sakamakon ke saɓawa yana cikin hanji. Wasu mutane na da ƙwayoyin halittar da ke juya isofilabon zuwa wani sinadari mafi ƙarfi mai suna ikwal, wasu ba su da su. A ƙasashen Turawa kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ne ke iya wannan, a Japan da Koriya da Sin kuwa kusan rabi ko fiye. Mata biyu za su ci awara a faranti ɗaya, jikin ɗaya ya amfana, na ɗayar ya ɗauki furotin kawai ya wuce. Akwai kuma wani bincike na SWAN a Amurka da ya bi dubban mata shekara da shekaru. A 2015 ya nuna cewa zafin kan ɗauki kimanin shekara bakwai, amma ga baƙaƙen fata ya kai shekara goma, ga 'yan asalin Japan da Sin kuwa kusan biyar. Matan Amurka ne ba na Gwagwalada ba, amma ya isa ya sa mu daina ce wa iyayenmu su yi haƙuri wata biyu ne zai wuce.

Mu dawo gida. A ganinmu, mace mai wannan matsala ba ta yi asara ba idan ta sa waken suya cikin abincinta. Abinci ne mai gina jiki, mai araha idan aka gwada da nama, kuma babban binciken da aka yi a Shanghai kan mata fiye da 5,000 da suka yi kansar mama, wanda aka wallafa a 2009, bai nuna cin sa na ƙara haɗari ba, masu cinsa ma sun fi samun sauƙi. Awon da aka yi wa awarar Asiya ya nuna giram 100 na ɗauke da isofilabon kimanin miligiram 20 zuwa 30, wato sai an ci kamar haka sau biyu a yini, ko a haɗa da kofin madarar waken, kafin a kai abin da aka yi gwaji da shi. Man waken suya na jarka ba shi da komai daga ciki, daddawa kuma ɗan kaɗan ake jefawa a miya. Sannan a nan ne awararmu ta bambanta da ta Japan. Su a romo suke cinta ko a dafe, mu sai ta sha mai ta sha yaji. Ƙiba na ƙara tsananin zafin, yaji da shayi mai tururi kuma na tayar da shi ga wasu matan. Wadda ke shan maganin maƙoƙo na kullum ta raba lokacinsa da na cin waken da 'yan awanni, domin yana rage shigar maganin jiki.

Ƙwayoyin kwalba kuwa, ba mu ga dalilin da za a ba mai lambar waya kuɗin cefanen mako ba, a kan abin da ba a san adadin da ke ciki ba. Wadda ta nace, ta duba lambar NAFDAC, ta kuma nuna wa likita, musamman idan ta taɓa yin kansar mama ko akwai ta a danginsu.

Abin da ya fi damunmu ma ba waken ba ne. A garin nan da watan Maris ke dafa mutum a tsaye, ga wuta ba tabbas, mace za ta ji zafi da gumi da sanyi a bayansa, ta tafi kemis a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, wata mai zuwa a ce taifot ne, ta sha kwalin ƙwayoyi, abin bai tafi ba, daga nan a fara zancen iska ko sammu, kishiya ta shiga zargi. Maigida kuma ya ga ta cika faɗa da raba shimfiɗa, ya ɗauka raini ne, bai san ta yi wata shida ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro minti goma sha biyar ne. Gumin dare da ya zo da tari da rama, a gwada tarin fuka. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba dawowar ƙuruciya ba ne, asibiti ake kai shi ba tare da jinkiri ba. Likitocin mata suna nan a Babban Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da manyan asibitocin gundumomi. Maganin istirojin ɗin ma an sake duba shi: matan gwajin 2002 matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma nazarin baya ya nuna haɗarin ya fi ƙanƙanta ga wadda ba ta kai sittin ba ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar ba, muddin likita ya tantance ta. Akwai kuma magungunan da ba na istirojin ba ga wadda bai dace da ita ba.

Mun karanta wa Hajiyar da ta yi mana tambaya duk wannan, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai abin da ta fahimta shi ne Japanawa ma 'yan kunya ne. Ba ta sayi kwalbar ba. 'Yarta ta raka ta asibiti aka auna jininta da sukarinta, aka ba ta ranar komawa. Ta sa an auno mata mudu biyu na waken a kasuwar Dei-Dei, tana yin awararta da ruwan tsami tana jefawa a miyar alayyafo ba tare da ta soya ba, jikokinta na ƙorafi. A bayan kalandar ɗakinta tana jan layi ɗaya duk lokacin da zafin ya taso, ta ce sai ta cika kwana casa'in za ta ƙirga ta gaya mana.